Wayar Kaka da Agogo Mai Rawa

Akwai wata yarinya da duk abin da ke da maɓalli a gidansu sai ta latsa shi. Shi ya sa Kaka ke kiran ta Injiniya.

Wayar Kaka ta tsufa. Kafin ta buɗe, sai ka je ka sha ruwa ka dawo. Abu ɗaya Kaka ke yi da ita, wato hira da ɗanta, mahaifin Injiniya. Baba yana aiki a jirgin ruwa, kuma ranar Asabar da safe kaɗai yake samun damar kira.

"Yaya, ba za a iya gyara ta ba?" Injiniya ta tambayi yayanta.

"Za a iya," in ji Yaya. "Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta yi mata nauyi. Akwai wasu da gwanaye suka haɗa, sai a sa mata ɗaya. Bari in dawo daga makaranta mu zaɓa tare."

Amma Injiniya da haƙuri ba sa ga maciji. Ta sha ganin yadda Yaya ke yi, don haka ta buɗe kwamfutarsa.

Ta samu iri biyu da suka dace da wayar. Ta farko an daɗe ana amfani da ita, sai dai ba ta da ado ko kaɗan. Ta biyu sabuwa ce ta gwaji, mai launuka da agogo mai rawa. A ƙasanta akwai dogon bayani da ƙananan haruffa. Injiniya ta tsallake shi, ta sa ta biyu.

Wayar ta yi sauri. Injiniya ta yi ta fankama.

Ranar Asabar, Mama na wurin aiki, Yaya ya fita. Waya ta yi ƙara, Kaka ta ɗauka da murna.

"Inna?" in ji Baba. "Inna, ba na jin ki. Lafiya dai ko?"

Kaka ta ɗaga murya, ta kira sunansa har sau da yawa. Bai ji ba. Can sai layin ya yanke.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta dubi wayar, ta ce a hankali, "Agogon ya iya rawa, amma ɗana bai ji muryata ba."

Da Yaya ya dawo, Injiniya ta faɗa masa gaskiya. Ya buɗe bayanin da ta tsallake, ya ce ta karanta.

"Makirfo bai fara aiki a kira ba tukuna," ta karanta, hawaye na zubo mata.

"Wa kika zaɓa wa wannan manhaja?" Yaya ya tambaye ta.

Ta ce, "Kaina."

Suka zauna tare, suka karanta bayanin ta farko daga sama har ƙasa, suka sa ta. Suka gwada kira, komai lafiya. Amma sai da aka jira wata Asabar, kuma makon ya yi wa Injiniya tsawo ƙwarai.

Da waya ta yi ƙara, Kaka ta yi sallama.

"Yauwa, Inna, na ji ki tas," in ji Baba. "Mako guda hankalina bai kwanta ba."

Kaka ta yi dariya, ta miƙa wa Injiniya wayar don ta ba shi haƙuri da bakinta.

Daga ranar Injiniya ta koyi darasi. In za ka zaɓa wa wani abu, duba bukatarsa, ba abin da ya burge idonka ba. Kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka latsa.