Mai Kwana a Silinda ta Uku

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, aka fara zaluntar gidan Hedimasta. Dole a faɗi ranar daidai, domin cikin waɗanda suka yi ta yawo da maganar daga baya, babu ko ɗaya da ya damu da daidai.

Yammacin bai zo da wata alama ba. Hedimasta, wanda ya daɗe da ajiye alli amma sunan ya ƙi rabuwa da shi, yana falo yana duba wa jikarsa aikin lissafi da jan biro. Yarinyar shekararta goma sha huɗu, Farfela ake ce mata, saboda tun tana rarrafe ba ta iya zama wuri ɗaya. Rana ta kusa faɗuwa sai ga ubanta, Kyaftin, ya shigo rungume da kwalaye biyu, ya dire su a kan teburin cin abinci.

Kyaftin yana da ƙaramin jirgi nasa na kansa, mai kujeru huɗu, da shi yake kai likitoci da masu awon ƙasa inda mota ba ta zuwa. Agogon da ke nuna zafin injin ya tsufa, allurarsa ba ta motsi sai an ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Makanikinsa ya rantse ba zai ƙara sa wa jirgin hannu ba sai an canja shi.

"Baba, zo ka raba mini gardama," in ji Kyaftin. "Wannan ƙaramar na'urar ido ɗaya gare ta. Silinda huɗu ce a injina, ita ɗaya kawai take ji, sauran ukun ko ƙonewa suke yi ba ta sani ba. Babbar kuwa kowace silinda da idonta: zafin kai, zafin hayaƙi, har man da inji ke sha. In abu ya tashi lalacewa, ta yi ƙara tun ina da sararin sauka. Sai dai a huda bututun hayaƙi wuri huɗu."

"Aji mai ɗalibi huɗu, malami ya zuba wa ɗaya ido?" in ji Hedimasta. "Wannan ma har tambaya ce?"

"Kaka, kai da in ka cire tabarau ko allon ba ka gani?"

"Ke tsohuwar matata, gyara lamba bakwai ɗin nan kafin in sake ki."

Kyaftin bai yi dariya ba. Ya ce da rana sun ɗaura babbar a jirgin don gwaji, ba tare da sun huda komai ba. Sanduna huɗu na haske suka fito a allon. Uku suka miƙe yadda ya kamata, ta ukun ta kwanta, sanyi ƙalau. Makaniki ya canja fulogi, ya canja waya, ya kasa kunne, inji lafiya lau, amma sandar tana kwance.

Farfela ta riga ta buɗe kwalin babbar. Ta ɗora yatsa a kan allon, wanda babu wayar da ke haɗe da shi. Allon ya kawo haske. Sanduna huɗu, ta ukun a kwance. Suna kallo ta fara ɗagowa a hankali, kamar mutumin da aka tasa daga barci yana neman wanda ya tashe shi.

Sai dutse ya faɗo a kan rufi.

Bai yi ƙarar jifar yara ba. Ya sauka da nauyi, ya gangara a hankali har bakin indararo, ya tsaya. Hedimasta ya fita da tocila, ya zagaya gida, bai ga kowa ba. Yana dawowa na biyu ya sauka.

Daga ranar, duk magariba sai an yi jifa. Da hasken rana ya fara ja da baya daga bangon falo, gidan sai ya yi tsit, uwar Farfela ta rufe tagogi ta zauna tana kallon agogo. Wani wari kamar na baƙin mai da ya ƙone yakan cika lungun ɗakuna. A bayan kabad ana jin gunji ƙasa-ƙasa, irin na injin da aka bari yana aiki a rumfa mai nisa. Amma mafi muni shi ne ƙofa. Ranar Laraba da safe Farfela ta saka kayan makaranta, ta rataya jaka, ta iso bakin ƙofa, ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Ta gwada ɗayar. Ubanta ya ɗauke ta cak zai fita da ita, ta yi nauyi a hannunsa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma tana zagaya falo daga bango zuwa bango, hannunta yana shafa fenti.

"Kaka," ta ce, "in na matsa kusa da ƙofa, sai in ji kamar an ɗaure ni da bel."

Kyaftin ya mayar da kwalayen wajen mai sayarwa. Da magariba suka same su a kan tebur.

To, a nan ne mutum ya shigo da nasa, kuma na mutum ya fi ciwo. Jikin katangar gidan akwai kantin magani. Ranar Asabar dutse ya fasa masa gilashin taga. Mai kantin bai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ya tambaya ba, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Sai ya tsaya a kan dakalin kantinsa, lokacin da layin ya cika da masu dawowa daga aiki, ya ɗaga murya ya ce da idonsa ya ga yarinyar tana jifa ta taga. Ya ce ƙarya take yi don kada ta je makaranta. Ya ce haka 'ya'yan masu jirgi suke, sun ɗauka kowa a ƙarƙashinsu yake. Alhali tagar da yake nufi tana da raga, ko tsakuwa ba ta wucewa, kuma Hedimasta yana zaune gefen yarinyar a lokacin. Wannan ba kuskure ba ne. Ƙarya ce, a kira ta da sunanta.

Kafin Litinin layin gaba ɗaya ya ɗauka. Ƙawayenta suka daina zuwa. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya a ƙofar gidan suna leƙen taga. Farfela ta ja labule, ta daina zagaya falon ma, ta zauna a lungu tsakanin firji da bango.

Uwarta ce ta nemo malamin ruƙiyya, wani dattijo siriri mai magana a hankali. Hedimasta ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya: mai kantin magani ya zo ya zauna ya gani. Mai kantin ya zo, hannu a aljihu, yana murmushin wanda ya zo kallon wasan yara.

Aka kwantar da Farfela a kan darduma a tsakiyar falo. Hedimasta ya durƙusa ya riƙe hannuwanta biyu. Malamin ya fara karatu. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka, ya ɗauke. Gunjin bayan kabad ya matso har kofuna suka fara rawa a kan tebur. Hannuwan yarinyar suka yi zafi kamar ƙarfen da ya yini a rana. Sannan ta buɗe baki, murya ta fito, mai kauri, mai tsatsa, wadda ba ta taɓa zama ta yarinya ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai kwana a silinda ta uku."

"Me ya kawo ka jikin yarinya?"

"Su suka fara zuwa gidana. Tun jirgin yana hannun mai shi na farko nake ciki da iyalina. Ɗumi nake sha, ban taɓa kashe masa inji ba. Sai ga shi an kafa mini ido a ɗaki. In kwanta, a gani. In tashi, a gani. Yanzu kuma za a huda mini bango. Mu ba a kallonmu, Malam. Haka aka yi mu."

"Me kake so?"

"Mai jirgin ya ɗauki ƙaramar na'urar, mai ido ɗaya. Ya sa ta a silinda ta farko. Ya rantse, in sake ta yanzu."

Kyaftin ya miƙe. Ya san abin da ake nema a wurinsa: ya riƙa tashi sama da likitoci a bayansa, silinda uku a cikin duhu, ɗaya daga ciki da mai kwana. Ya dubi 'yarsa a ƙasa.

"Na yar..."

"Zauna!" in ji Hedimasta, da muryar da ta taɓa tsayar da filin makaranta guda. Kyaftin ya zauna kamar ɗan aji biyu.

Tsohon ya sunkuya a kan fuskar jikarsa, ya yi magana da wanda ke bayanta.

"Kai, saurara. Ka ce ba ka son a kalle ka. Sanda ɗaya ce ta kwanta a gilashi, mutum biyu suka gani, ka tayar da hankalin gida. Ita fa? Ka jawo mata idon layi guda. Ana leƙenta ta taga, ana nuna ta da baki, ta koma bayan firji tana ɓuya. Abin da ka ce ba za ka iya ɗauka ba, shi ka ɗora wa yarinya. Ka ba ni amsa, ina jira."

Kofunan suka daina rawa.

"Ban aike su ba," in ji muryar, ta yi ƙasa.

"Ban tambaye ka wanda ya aike su ba."

Malamin ya ci gaba da karatu, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. Jikin yarinyar ya lanƙwashe, muryar ta yi gurnani, ta ce a dakata. Malamin ya dakata. Ya ce rayukan da ke hawa jirgin ba abin ciniki ba ne, babbar na'ura za a sa, wannan an gama. Amma a ƙarshen filin jiragen akwai tsohon ɗakin janareto, injinsa yana aiki dare da rana, babu mai leƙa cikinsa. Ɗumi ba ya yankewa a can, sai ya koma ciki da iyalinsa.

"Kada a huda sai na kwashe yarana," in ji muryar.

"Ba za a huda ba sai ka kwashe," in ji Kyaftin.

"To na tafi."

"Ba ka tafi ba," in ji Hedimasta. "Ba a fita ajina a bar gyara. Ga hannuwanta biyu a cikin nawa, ga mai kantin nan yana kallo. Ka nuna masa mai jifa."

Wani abu mai kama da dariya ya fito daga maƙogwaron yarinyar. Sai dutse ya sauka, ba a kan gidan ba, a kan rufin kantin magani, da ƙarfin da ya sa karnukan layin suka ɗauki haushi. Ya gangara a hankali, ya tsaya. Hannuwan Farfela suka huce. Ta yi atishawa, ta buɗe ido.

"Kaka, ka matse mini hannu."

Da suka waiwaya, kujerar mai kantin babu kowa. Ya sulale, ko sallama bai yi ba.

An huda bututun, an sa babbar na'ura. Sanduna huɗu suka miƙe kai ɗaya, kuma ba a sake jifa ba. Da safe Farfela ta rataya jaka, ta ɗaga ƙafa, ta tsallake ƙofa ba tare da komai ya riƙe ta ba. Ta kai bakin titi. Wata mata da ke shanya ta janye ɗanta, wani daga cikin masu jiran mota ya ce, "A sunkuya, ga mai jifa nan." Yarinyar ta juya, ta koma ciki, ta ja labule. Wanda ba a gani ya sake ta, waɗanda ake gani sun ƙi.

Mai kantin ya aiko da kwalbar maganin ƙarin jini, wai a ba yarinya. Hedimasta ya ɗauki kwalbar, ya jira har layin ya cika da masu dawowa daga aiki, ya taka zuwa kantin, ya ajiye ta a kan dakali.

"Ba jini ta rasa ba," ya ce, yadda kowa zai ji. "A kan dakalin nan ka tsaya ka ce ka gan ta da idonka. Ka zauna a falona, ka ji dutse a kan rufinka hannuwanta suna cikin nawa. Aljani ma da aka titsiye shi ya gyara aikinsa kafin ya tafi. Ba na son kwalba, ba na son saƙo, ba na son ka zo mini ta bayan gida. Ka hau nan, a irin wannan lokaci, gaban mutanen nan, da muryar da ka yi ƙaryar da ita, ka ce ba ka gani ba, ka ce ka zalunce ta, ka ba ta haƙuri. Tana bayan labule tana jinka. Ni kuma ga ni nan tsaye, ba inda za ni."