Harsasan Firmin Delpech

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar takwas ga Mayu, libarbar Firmin Delpech ta fashe a filin harbin bayan garin Figeac, ta tafi da yatsu biyu na amininsa Honoré Cayla. Kafin Sajan Noélie Vergnes ta jandarma ta iso, motar asibiti ta wuce da mai raunin. Ta tarar da jini a teburi na biyar, gidan harsashi ya dare biyu, ga tsoho Firmin zaune a benci da hularsa a gwiwa.

"Ni na ɗura harsasan," ya ce tun kafin ta tambaya. "Rubuta kawai, 'yata."

Duk Figeac an san bindigar nan. Ta soja ce, ta haura shekara ɗari da arba'in. Lokacin yaƙi da Jamus, sa'ad da mahaifin Firmin da na Honoré suke ɓoye a daji tare, wani maƙeri ya faɗaɗa ramukanta don ta ci harsashin Amurka da ake jefo musu daga jirgin sama ta lema. Faɗaɗawar ta sa ƙarfen ya sirance. Saboda haka Firmin bai taɓa ba ta komai ba sai baƙin albarushi irin na da, mai hayaƙi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda yake ɗurawa da hannunsa. Kowace shekara a wannan rana, ranar bikin ƙarshen yaƙin, ɗayansu yakan harba shida don tunawa da iyayen, kuma wanda layi ya zo kansa shi ke kwana da bindigar da harsasan. Bana Honoré ne ya harba. A harbin farko ta fashe.

Kwana uku bayan nan masu gwajin makamai suka aiko da rahoto. Sauran harsasai biyar duk albarushin zamani ne a ciki, marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya fi ƙarfin tsohuwar libarba. Kwanson na Firmin ne, dalmar kan harsashin tasa ce, har da shafin kakin zuma da kitsen tunkiya da yake yi mata.

Noélie ta je gidansa. Ɗakin aikin tsaf yake, ya fi kicin ɗin mata da yawa. A saman kantar ɗakin gwangwanin baƙin albarushi ne, kusa da shi kuma na zamani, na bindigar farauta.

"Kin gani?" in ji Firmin. "Hannu ya kai wancan maimakon wannan. Shekara hamsin ban yi kuskure ba, amma tsufa ba ya sallama."

"Ka tuna ka ɗauke shi, Baba?"

"Da na tuna ai da sauƙi."

Ta lura ya manna ƙananan takardu a jikin kofofi, ya rubuta "gas", "makulli", "magani". Tawadar sabuwa ce. Abin ya sosa mata rai, don ta san abin da ke jiransa. In ta rufe fayil haka, za a karɓe lasisinsa, a kai shi gaban alƙali, 'yarsa Odile kuma ta riga ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi.

Odile tana da makullin ɗakin, don haka Noélie ta tare ta a shagon burodinta.

"Kin daɗe kina so ya daina harbi."

"Shekara goma nake wannan waƙar, ba wanda ya amsa."

"Kin shiga ɗakin aikinsa?"

"Ina shiga in yi shara, ya biyo ni yana mita." Ta kaɗe garin da ke hannunta. "Madam Sajan, ki ba ni kwanso da dalma ki ga ko na san inda gaba yake. Kuma ubana ne ya kamata ya harba bana. Honoré ne ya roƙa a yi musaya. Kina ganin zan ɗana wa mahaifina wuta a hannu?"

Noélie ta rubuta maganar musayar, ta ja mata layi. Firmin bai faɗi wannan ba, wataƙila bai ɗauke shi komai ba.

Na gaba Thibaut Roques ne, shugaban filin harbi, mutum mai tumbi da son tsofaffin ƙarafa. Kowa ya san sau uku yana taya libarbar, Firmin yana korarsa.

"Ni?" Ya yi dariyar takaici. "Wanda yake son saniya ba ya sa mata guba. Da na ga yadda ta dare sai da na ji kamar in zauna a ƙasa."

Ya kai ta layin harbin. Tebura goma ne jere. A na ƙarshe, can gefen da iska ke fita, bangon ya yi baƙi, ga tsofaffin kwalaben zuma uku a ƙasa.

"Waɗannan fa?"

"Na masu baƙin albarushi ne. Suna harbawa, sai su jefa kwanson cikin ruwan sabulu nan take, in ba haka ba dauɗar ta cinye tagullar kafin a kai gida. Mai baƙin albarushi zai iya manta matarsa a mota, amma ban da kwalbarsa. Nan muke kora su, don kada su turnuƙe mu."

"To me ya kai Honoré teburi na biyar?"

Thibaut ya sosa ƙeya. "Na ce masa, tsoho, koma gurbinku. Ya ce in bar shi, yau ba wanda zai yi tari. Na ɗauka zolaya ce, ranar biki ce kuma, na ƙyale shi."

Noélie ta koma ofis ta zazzage jakar harbin Honoré da aka ajiye. Akwai tabarau, abin toshe kunne, tsumma, da ɗan abin shaƙa na masu ciwon ƙirji. Babu kwalba. Ta kira masu gwaji ta ce su sake duban dalmar da gilashin ƙara girman abu. Washegari suka ce kowacce tana da sawun matsi biyu, alamar an zare ta an mayar.

Ran kwana na tara ta shiga ɗakin Honoré a asibiti. Firmin yana zaune a baranda, kamar kullum, yana jin nauyin shiga. Ta bar ƙofa a ɗan buɗe.

"Baba Honoré, ya hannu?"

"Ga shi nan, ya rage nauyi."

"Ina kwalbarka ta sabulu ran nan?"

Ya dubi silin. "Na manta."

"Shekara nawa kana harba bindigar nan?"

"Talatin da wani abu."

"Ka taɓa mantawa?"



"Ba mantawa ka yi ba," in ji ta a hankali. "Ka san ba abin da za ka wanke. Shi ya sa ka tsaya a tsakiya, ka ce ba wanda zai yi tari. Mutum ɗaya ne a filin nan ya san ba za a yi hayaƙi ba tun kafin a taɓa kunamar bindigar. Harsasan sun kwana a gidanka, kana da na'urar ɗuri, kana da albarushin zamani na ƙaramar bindigarka. Ka zare dalma, ka zubar da na Firmin, ka zuba naka, ka mayar. Abin da ban sani ba shi ne dalili."

Tsohon ya daɗe yana numfashi, ƙirjinsa yana ƙugi.

"Huhuna ya gama," ya ce. "Likita ya ce da wuya in ga wani Mayun. Bara da na shaƙi hayaƙin nan, kwana biyu ina kwance, na ce musu mura ce. Ina so in yi wa babana harbin ƙarshe da hannuna. Na ce ai don harsashin Amurka aka faɗaɗa ta, ta ci shi a daji ba ta mutu ba. Na auna kaɗan."

"Lokacin tana da ƙuruciya. Me ya sa ka bar shi da laifin?"

"Ina kwance cikin jini aka ce harsasan wa, na ce na Firmin. Daga nan kullum in ce gobe zan faɗa." Hawaye ya gangaro masa cikin kunne. "Shekara saba'in bai taɓa ganina ina rarrafe ba. Na ji kunya, 'yata."

Noélie ta rufe littafinta. Ta gaya masa maganar ƙaryar shaida za ta je wurin mai gabatar da ƙara, kuma za ta rubuta ciwonsa a shafin farko. Ba ta ji daɗin nasarar ba ko kaɗan.

Tana juyowa ta ga Firmin a bakin ƙofa.

"Sajan," ya ce, idonsa na kan gadon, "ke nan kaina lafiya yake?"

"Garau, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya tako har gaban amininsa.

"Tsohon banza. Kai yatsu biyu ka rasa. Ni kwana tara ina tashi da safe ina faɗin sunan jikokina ɗaya bayan ɗaya, don in ga wanne zai fara ɓace mini. Na ce wa Odile ta karɓi ɗakin."

"Firmin, ka yafe..."

"Rufe mini baki. Bindigar ban damu da ita ba, ƙarfe ce. Amma kana mutuwa tun bara, sai daga bakin jandarma zan ji?"

A kan teburin gado abincin rana ya huce, nama ne da dankali, ba a taɓa ba, don ba mai yanka nama da hannu ɗaya. Firmin ya dubi farantin, ya ja kujera da ƙarfi har ta yi ƙara, ya zauna, ya ɗauki wuƙa.

"Ban yafe ba tukuna," ya ce. "Buɗe bakin."