Turken da Ya Ƙi Nutsewa

Magariba ta kawo jiki a Gashuwa, Fanne na tuƙin tuwo a tsakar gida, sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunya. Ta ɗaga kai, ba kowa. Wata ta sauka a rufin kwano, wata ta bi ta. Ba tsakuwar titi ba ce. Irin ta kwaɓa kankare ce, da danshin siminti a jikinta. Kaji suka yi tsit.

Mijinta, Injiniya Sabitu, mutum ne da ko sannu ka ce masa sai ya so ya auna nauyinta. Bincike yake yi a kan turakun kankare masu rodi, waɗanda ake kafawa can ƙasa su riƙe gini a wuri mai laka. Ya sa aka zuba ɗaya a fadamar bayan gida, daidai inda wata tsohuwar rijiya ta rufta, ba sallama, ba bisimilla. Da ya yi ƙwari, kullum leburori na jibga masa buhunan yashi, Sabitu na duba ko zai nutse. Ko gezau.

"Fanne, ƙasar nan ta ba ni mamaki. A lissafina da tuni ya lume."

"Baban Haula, bar zancen ƙasa. Dubi 'yarka."

Haula, 'yarsu budurwa, ta fara tafiya a duƙe. Duk ranar da aka ƙara buhu, bayanta ya ƙara lanƙwasa. Asibiti suka duba, ba su ga komai ba. Rana na faɗuwa sai a ji nishi daga fadama, irin na wanda aka yi wa kaya ya fi ƙarfinsa. Ranar da haɓarta ta taɓa gwiwa, numfashi na fita da ƙyar, Fanne ta aika Nguru aka ɗauko Malam Dunoma.

Malam ya zauna, ya daɗe yana karatu. Sai Haula ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito, a shaƙe.

"Malam, rage karatun nan, wuta ne."

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Gidana ne rijiyar nan. Ubanta ya soko mini ƙarfe a ɗaka, ƙarƙashinsa jikokina ke kwance. Ni na tare da kafaɗa. Yana murna ƙasa ta yi ƙarfi! To 'yarsa ta taya ni ɗauka."

Malam ya sake tambaya:

"Me zai raba ka da ita?"

"Baƙin bunsuru."

"Jini kam ba za ka sha ba. Faɗi wani."

Muryar tsohon ta ce:

"Ya sauke kayansa. Da bayansa, ba na lebura ba. In na kwashe yarana, na tafi."

Sabitu ya tuɓe riga ya nufi fadama. Mutumin da ko butar alwala sai an miƙo masa, ga shi yana rungumar buhu, yana faɗuwa, yana tashi. Duk buhun da ya taɓa ƙasa, Fanne ta ji numfashin Haula ya ƙara faɗi.

Da ya sauke na ƙarshe, fadamar ta yi ajiyar zuciya. Turken nan, ba ko tsinke a kansa, ya fara lumewa a hankali, har laka ta rufe shi ruf.

Daga cikin gida Sabitu ya ji muryar Haula, tata ta kanta: "Inna, ina jin yunwa."