Godiyar Farko

Duk wanda ya yi zamani a gidajen wasan kwaikwayo na Daehangno, cikin birnin Seoul, ya san Pyo Malsun. Sunan nan nata akan laƙaba wa 'ya ta biyar ne, ma'anarsa "ta ƙarshe", wato an gaji da mata, a samu namiji. Da wannan haushin ta girma. Shekara goma sha ɗaya ta yi kan dandamali ba ta wuce fitowa a matsayin baiwar da ke shigo da shayi ba, alhali ta fi mai shan shayin iya wasa, kowa kuma ya sani.

Wata rana da tsakar rana ta hau dutsen bayan gari, har gidan da aka kafa wa gora mai tuta fara da ja, alamar gidan bokanya. Ɗakin duhu ne, yana warin turare da jini. An jera waina da giyar shinkafa a gaban zanen wasu dakaru masu jajayen idanu, ga kan alade a faranti, baki buɗe kamar mai dariya. Bokanyar wata tsohuwa ce da ba ta da haƙori ko ɗaya.

"Kaka, ba duban miji na zo ba, ina da shi," in ji Malsun. "Suna nake so, da gida mai bene."

"Ke ɗin? Da wannan fuska ta masu tallan kifi?"

"Uwata ce mai kifin. Faɗi abin da za ki karɓa."

Tsohuwa ta kaɗa ƙararrawa, ta hau kaifin wuƙaƙe biyu ba takalmi, ta tsaya ƙyam. Muryar da ta fito bakinta ta namiji ce, ta dakarun zanen.

"Ba ma cin kuɗi. Godiya muke ci. Duk ranar da aka miƙa miki kambu, godiyarki ta farko tamu ce."

Malsun ta tuntsire da dariya. Godiya? Abin da take sunkuyawa tana rabawa kyauta sau ɗari a yini? "Na ba ku, har da gyara," ta ce. Ba ta tambayi komai ba, don mai kwaɗayi ba ya son dogon bayani.

Kafin shekara ta zagayo an ɗauke ta fim, an sauya mata suna zuwa Hwaran, hotonta ya cika bangon gari. Gidan benen ya samu, har da direba. Ranar kambun farko ta yi wa dakarun dutse godiya a zuci, a ganinta ta sauke alkawari, sannan ta ɗaga murya ta gode wa uwarta, tana hawaye. Bayan kwana uku aka tsinci uwar a rumfarta ta kasuwar Busan, wuƙa a hannu, rai ya yi halinsa. Aka ce tsufa ne.

A na biyu ta gode wa mijinta Gitae, wanda ya yi shekaru yana goya jaririyarsu Dami tana wurin gwajin wasa. Bayan kwana uku ya fara sunkuya wa bango yana godiya. Ya gode wa takalmi, ya gode wa tukunya, yana buga goshi a ƙasa har jini. A gidan mahaukata ya ƙare.

Sai a lokacin ta gane. Ta koma dutse, ta shuri farantin kan alade.

"Tsohuwar banza, kin cuce ni!"

"Ke kika ce har da gyara."

"To gaba maƙiyina zan gode wa."

"Godiyar fatar baki ba ta ƙosar da su."

"Sai in yi shiru."

"Sai su zaɓa da kansu. Yarinyar nan taki, shekararta nawa yanzu?"

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta bar fim, ta bar dandamali, ta kulle ƙofa shekara tara. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aka sanar za a ba ta babban kambu na aikin rayuwa, ko ta je ko ba ta je ba, sunanta za a kira.

A mota, kan hanyar zuwa karɓar kambun, Dami, 'yar shekara goma sha tara, ta riƙe hannunta.

"Umma, kin gode wa Kaka, kin gode wa Baba. Yau dai layi ya zo kaina, ko?"

"Gyara kwalarki," in ji Malsun.

A wurinmu yabon kai jahilci ne. Ko sarki aka karrama, iyaye da malamai zai fara ambata, ya ce shi bai cancanta ba. Ita ko ta karɓi kambun, ta ƙi sunkuyawa, ta ƙi duban layin gaba inda Dami ke zaune.

"Ina gode wa Pyo Malsun," ta ce, "'yar mai kifi, wadda ba a yi murnar haihuwarta ba. Ta ɗauki shayi shekara goma sha ɗaya ba ta zubar ba. Ita kaɗai nake gode wa, har cikin zuciyata." Ta ɗaga ido sama da kawunan jama'a. "Kun ji? Ku zo ku ɗauka."

A zauren ko tafi ɗaya babu. Dami ta tashi ta fice tana kuka. Washegari jaridu suka yi mata ca, wai butulu, wai girman kai ya haukata ta.

A rana ta uku aka same ta zaune gaban madubi, ta wanke kwalliyarta tas, jiki ya yi sanyi. Gidan benen ba wanda ya yarda ya zauna a ciki, har aka rushe shi.

Dami tana nan da rai, da 'ya'yanta biyu. Har yau ba ta zuwa kabarin, cewa take uwarta ba ta san godiya ba. Kai mai hawan dutse neman suna, ka ji da kyau: Malsun ta fi ka taurin kai, ta fi ka wayo, amma rai ɗaya tal ta iya ƙwatowa, shi ma ba ya ambaton ta da alheri.