Ma'aikatan Cikin Auta

Auta ta fi kowa gudu a ajinsu. Sai dai tana da ciki mai rigima. Da ta shiga fargaba, sai ya kumbura, ya hau murɗawa yana ƙugi.

"Wa ya ta da babur a ɗakin nan?" haka Yayanta yake tsokanarta.

Ana saura mako guda gasar tsere, Malama ta nuna musu hoton hanji. Ta ce akwai ƙananan halittu birjik a ciki, ido ba ya ganinsu. Auta ta dafe cikinta. Ashe su ne suke hana ta sakat!

Da ta koma gida, ta buɗe durowar Umma. Ta ga ragowar kafso, ja da rawaya, wanda aka ba Abba da ya yi ciwon haƙori. Ta san maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Kwana uku tana haɗiya a ɓoye.

A rana ta huɗu, gudawa ta kama ta. Ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Umma tana kakkaɓe shimfiɗa, sai ga fankon magani ƙarƙashin matashi.

"Auta, wa ya aike ki?"

"So nake in kashe su duka kafin gasar," in ji Auta, hawaye na zuba.

A asibiti, Likita ta saurare ta har ta gama.

"'Yata, ma'aikatanki kika kora," ta ce. "Yawancinsu taimakon ki suke wajen narkar da abinci. Naki hanjin dai mai saurin fushi ne. Lallashi yake so."

"Za su dawo?"

"Za su dawo a hankali. Ki sha ruwa da yawa, ki ci ganye da 'ya'yan itace. In tsoro ya zo, ki ja dogon numfashi."

Ranar gasa, Auta ta zauna a benci. Ƙawarta ce ta yi gudu a madadinta. Auta ta yi mata tafi, amma zuciyarta tana can fili.

Da zangon karatu ya zagayo aka sake gasar, Auta ta tsaya a bakin layi. Cikinta ya ɗan yi ƙugi. Ta shafa shi, ta ja numfashi. Aka busa usur, ta zo ta biyu, tana dariya.

Tun daga nan, Auta ba ta ƙara shan maganin da ba nata ba. In wani wuri ya yi mata ciwo, Umma take fara gaya wa.