Reshen da Ya Tsiro Cikin Gida

Ranar Litinin, sha huɗu ga Afrilun 2025, hukuma ta rufe Kwalejin Lafiya ta Gambo da ke Suleja. An kama wata mata a Madalla tana yi wa jama'a allura da takardar shaidar kwalejin, alhali ba ta taɓa zama a aji ba, har ƙafar wani majinyaci ta shanye. Da aka buɗe adireshin intanet da ke jikin takardar, shaida.kwalejingambo.ng, sai ga sunanta da hotonta.

Malam Ja'afar Gambo, wanda ya kafa kwalejin a 1999, ya wuni a ofishin Sufeto Rifkatu, 'yar sandan da ke binciken, yana jiran a wanke sunansa.

Ta fara da Nnabuike, mai buga wa kwalejin takardu.

"Madam, ni tawada na sani," in ji shi. "Abin da aka kawo nake bugawa."

Azumi magatakarda kuwa rantsuwa ta yi cewa ba ta taɓa jin labarin shafin ba.

"To, ɓarayin waje ne suka kwaikwayi sunanmu," in ji Malam.

"Baba, haka na so ya zama," in ji Rifkatu. "Adireshi daga dama ake karanta shi. Kwalejingambo.ng shi ne tushe, kuma naku ne na gaskiya. Shaida reshe ne a jikinsa. Ɗan waje sai dai ya sayi tushe mai kama da naku. Ba ya iya tsiro da reshe a jikin naku. Sai mai mabuɗi. Su biyun nan ba su da shi."

"Ni kaɗai na san kalmar sirri."

"An canza ta bara. Lambar tabbatarwa waya ake aika wa. Da layin wa kuka yi rajista?"

Malam ya ce:

"Na Mairama, mai ɗakina. A 2014 nawa ba ya kamawa a unguwarmu."

"Tana ina?"

"Ta rasu. Da hannuna na raba gadonta. Na lissafa zannuwa, na lissafa tukwane. Wayar na ɗauke ta tsohon ƙarfe."

"Rabon wa ta faɗa?"

"Munir. Babban ɗana."

Bayan la'asar aka shigo da Munir, layin na cikin wayarsa, saƙon lambar ma bai goge ba. Ya durƙusa.

"Baba, mutum tara ne kawai na sayar wa takardar."

Malam ya dubi Rifkatu.

"'Yata, ɗalibai dubu biyu na yaye da gumina. Yanzu wa zai yarda da takardar ko ɗaya?"

Rifkatu ta miƙa masa biro ya sa hannu a takardar bayaninsa.