Majanyi a Tsakiyar Bargo

"Ki cire shi kawai, rabin raina... ƙyalle ɗaya ne fa!"

Nu'uman ya ajiye bargon a kan tabarmar zaure, ya kasa haɗa ido da ita.

Wata uku Haulatu ta yi tana harhaɗa shi da allura da zare, don ya zama gaisuwarta ga mahaifiyarsa kafin biki. Taswirar ƙasar Daura ce a shimfiɗe a jikinsa. Koriyar atamfa ita ce gonakin geron Dutsi, jan yadi ya miƙe kamar hanyar Mai'adua inda Nu'uman ke fataucin shanu, a tsakiya kuwa wani tsohon baƙin saƙi ne, kewayayye kamar bakin rijiyar Kusugu.

"Wa ya ce a cire?"

"Hajiya. Sadiya ce ta ce mata rigar marigayi mijinki kika yanka kika saka. Wai har yanzu shi ne a ranki."

Sadiya! 'Yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana aiko masa da girkin da bai roƙa ba.

"Sai kuma me? Na ga bakinka bai gama ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Ta ce Siddiƙa ta koma wurin dangin ubanta... ba ta son agola a gidanta."

Haulatu ta dubi 'yarta mai shekara uku da ke wasa da kwarkwaron zare a ƙofa.

"Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan sayi aure da 'yata ba."

"Haulatu, ki saurare ni..."

"Na saurara. Tayar da babur."

Ranar ta naɗe kunya ta ajiye, ta saɓi 'yarta da bargon, sai gidan Hajiya Rabi.

Ta durƙusa ta gaida ta, sannan ta warware bargon a tsakar gida. Sadiya na gefe tana taɓe baki.

"Hajiya, a gafarce ni. Kayan marigayi an yi sadaka da su tun kwana arba'in, unguwa kowa shaida ne. Wannan majanyin da na goyi Siddiƙa ne."

"Ƙarya take yi, Inna!" Sadiya ta yi caraf.

"Rufe mana baki," in ji Hajiya.

Hajiya ta jawo bargon, ta murza saƙin da yatsa, ta ga inda ɗaurin goyo ya cinye shi.

"To, in na ce duk da haka ki cire?"

"Da shi na fara, Hajiya. Kowane ƙyalle a jikinsa na ɗora. In aka fincike shi, sauran tsumma ne." Ta jawo 'yarta jikinta. "Ni ma haka nake."



Siddiƙa ta sulale daga jikin uwarta, ta dafa gwiwar tsohuwar.

"Kaka, wannan nawa ne."

Hajiya ta dube ta.

"Ina kamar ke aka bar ni a Dutsi, uwata ta tafi gidan aure," ta faɗa a hankali. "Har yau ban manta launin zanen da ta juya mini baya da shi ba."

Ta miƙe ta shige ɗaki. Suka ji ƙarar buɗe adaka. Ta fito riƙe da wani koɗaɗɗen majanyi.

"Na wancan ƙaton ne da ke laɓe a zaure. Akwai sauran wuri?"

Hawaye suka zubo wa Haulatu.

"Akwai, Hajiya... daf da na Siddiƙa."

"To ki gama kafin ɗaurin aure. Kai kuma shigo ka ɗauki 'yarka, ka tsaya kamar an dasa ka!"

Nu'uman ya shigo da sauri ya ɗaga yarinyar sama, ya rage murya.

"Amaryata, kin yafe mini?"

Haulatu ta zaro allura daga bakin mayafinta, tana ɓoye murmushi.

"Riƙe mini zaren tukuna."